Sinadaran Haɗa Ruwa da Mai a Sana'ar Yin Burodi

Gabatarwa

Burodi yana daga cikin abincin da jama'a suka fi ci a birane da ƙauyuka, musamman wajen karin kumallo, kuma sana'arsa tana ciyar da mutane masu ɗimbin yawa, tun daga masu gidajen burodi da ma'aikatansu har zuwa dillalai da masu shayi. Asalin kayan haɗa burodi guda huɗu ne, wato fulawa da ruwa da yis da gishiri. Sai dai duk wanda ya duba ledar burodin kamfani zai iya ganin an jera waɗansu sunaye da lambobi bayan waɗannan huɗu, kamar E471 ko E472e ko E481. Lambobin nan na wani rukunin sinadarai ne da masana ke kira imalsifaya, waɗanda a wannan bayani za mu riƙa kira sinadaran haɗa ruwa da mai.

Mun shirya wannan bayani ne domin amfanin masu gidajen burodi da jami'an duba-gari da ɗalibai da kuma sauran jama'a masu saye. Dalili kuwa shi ne ana yawan rikita waɗannan sinadarai da buromet, wanda hukuma ta haramta saboda haɗarinsa ga lafiya. Wannan rikitarwa tana sa wasu su tsorata da abin da doka ta yarda da shi, wasu kuma su sayi haramtaccen abu da aka sauya wa suna ba tare da sun sani ba.

Ma'anar sinadarin haɗa ruwa da mai

Sanin kowa ne cewa ruwa da mai ba sa haɗuwa. Idan aka zuba man gyaɗa a cikin ruwa aka kaɗa, zai warwatse ya zama ƙananan ɗigo, amma da an bar shi ya natsu sai ya sake taruwa a sama. Sinadarin da muke magana a kansa yana hana wannan rabuwa ne saboda yadda ƙwayarsa take: gefe ɗaya nata yana kama ruwa, ɗaya gefen kuma yana kama mai. Don haka sai ta tsaya a kan iyakar da ke tsakaninsu, ta riƙe kowanne da hannu ɗaya.

Akwai misalan wannan a rayuwarmu ta yau da kullum. Madarar shanu ruwa ce wadda ƙananan ɗigon mai suka warwatsu a cikinta, kowane ɗigo lulluɓe da wata siririyar fata mai hana shi manne wa ɗan'uwansa. Idan aka kaɗa nono sosai, wannan fata takan fashe, sai man shanu ya dunƙule ya fito. Haka kuma sabulu yana wanke maiƙo daga hannu ne domin ƙwayarsa tana da irin wannan siffa mai gefe biyu.

A shekarar 1949 wani masanin kimiyyar sinadarai a Amurka mai suna William Griffin ya fito da ma'auni daga 0 zuwa 20 domin rarrabe waɗannan sinadarai. Wanda lambarsa take ƙasa ya fi karkata ga mai, wanda lambarsa take sama kuma ya fi karkata ga ruwa. Har yanzu masana'antun abinci suna amfani da wannan ma'auni wajen zaɓar wanda ya dace da aikinsu.

Taƙaitaccen tarihi

Tun kafin a san kimiyyar abin, masu toye-toye sun lura cewa gwaiduwar ƙwai tana sa kwaɓi ya yi laushi. A shekarar 1845 masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Faransa, Théodore Gobley, ya ware sinadarin da ke yin wannan aiki daga gwaiduwa, kuma a 1850 ya raɗa masa suna lesitin, daga kalmar Girkanci mai nufin gwaiduwar ƙwai. A shekarun 1920 aka fara fitar da lesitin mai yawa daga waken soya a birnin Hambug na ƙasar Jamus, abin da ya sa farashinsa ya sauko ƙwarai.

A shekarar 1917 Einar Viggo Schou ɗan ƙasar Denmak ya ƙirƙiro sinadarin haɗa ruwa da mai na farko da aka sarrafa a masana'anta domin sayarwa, kuma an yi shi ne saboda botar da ake haɗawa da man tsirrai. A shekarun 1930 kamfanonin Amurka suka fara sa monogiliserayid a cikin kitsen toya kek da burodi. A shekarun 1950 kuma kamfanin C.J. Patterson da ke birnin Kansas ya samar da rukunin da a yau ake kira SSL da CSL.

Abubuwa biyu ne suka ƙara wa waɗannan sinadarai muhimmanci. Na farko shi ne injin yanka burodi na Otto Rohwedder, wanda aka fara aiki da shi a 1928 a garin Chillicothe na jihar Misuri. Burodin da aka yanka aka sa a leda, za a kai shi nesa kuma zai yi kwanaki kafin a cinye, saboda haka tilas ya daɗe da laushinsa. Na biyu shi ne hanyar yin burodi ta Chorleywood, wadda cibiyar bincike ta masu sana'ar burodi ta Birtaniya ta fito da ita a 1961. A wannan hanya ana buga kwaɓi da inji mai tsananin gudu na 'yan mintoci kaɗan a maimakon a bar shi ya yi awoyi yana tashi, kuma ba ta yiwuwa sai da taimakon bitamin C da kitse mai tauri ko sinadarin haɗa ruwa da mai. Ta wannan hanya Birtaniya ta samu damar yin burodi da alkamarta ta gida, wadda ba ta kai ta Kanada ƙarfi ba.

Abin da ke faruwa a cikin kwaɓi

Domin a fahimci aikin waɗannan sinadarai, ya kamata mu fara duba abin da fulawa ta ƙunsa. Kimanin kashi 70 cikin 100 nata sitaci ne, furotin kuma a fulawar burodi yakan kasance tsakanin kashi 11 zuwa 13, sannan akwai ɗan mai na asali wajen kashi 2. Idan aka zuba ruwa aka cuɗa, furotin iri biyu da ke cikin alkama sukan sarƙe su zama wani abu mai danƙo da ake kira gulutin. Ɗayansu shi ke ba kwaɓi damar miƙewa, ɗayan kuma shi ke ba shi ƙarfin komawa.

A lokacin cuɗawa iska tana shiga cikin kwaɓi ta zama ƙananan kumfa. Yis ba ya ƙirƙirar sabbin kumfa, abin da yake yi shi ne ya ci sukari ya fitar da iskar kabon dayokzayid, ita kuma ta shiga cikin kumfan da ke nan ta hura su. Yayin da kumfa ke girma, bangon da ke tsakaninsu yana ƙara sirancewa. Idan bangon ya yage, ƙananan kumfa sukan haɗe su zama manyan ramuka, iska ta tsere, burodi ya fito a takure. Lokacin da kwaɓi ya fi rauni shi ne ƙarshen tashinsa da kuma mintocin farko a cikin tanda, musamman idan aka girgiza gwangwanaye wajen ɗauka.

Aiki na farko: ƙarfafa kwaɓi

Wasu daga cikin sinadaran suna manne wa gulutin, su sa zarurrukansa su ƙara kama juna, kuma suna shimfiɗuwa a jikin bangon kumfa su hana shi saurin yagewa. Sakamakon haka kwaɓi yana jure bugun inji da jinkirin shiga tanda, yana riƙe iska da kyau, burodi kuma ya cika gwangwani ya fito da ƙananan idanu masu daidaito. Wannan yana da amfani ƙwarai ga mai gidan burodi domin ƙarfin fulawa yakan bambanta daga wannan buhu zuwa wancan, gwargwadon irin alkamar da aka niƙa.

Aiki na biyu: tsawaita laushin burodi

Mutane da yawa suna zaton bushewa ce kaɗai ke sa burodi ya ƙandare. A shekarar 1852 masanin Faransa Jean-Baptiste Boussingault ya rufe burodi a cikin mazubin da danshi ba ya fita, amma duk da haka ya ƙandare, kuma da aka ɗumama shi sai laushinsa ya dawo. Daga baya bincike ya nuna cewa sitaci ne tushen al'amarin. A cikin tanda, idan zafi ya kai wajen digiri 60 na ma'aunin Salsiyas, ƙwayoyin sitaci sukan sha ruwa su kumbura su nuna. Bayan burodi ya huce, sai sitacin ya fara komawa tsarinsa mai tauri a hankali. Irin wannan ne muke gani a tuwon da ya kwana, wanda yake tauri da safe amma ya yi laushi idan aka yi ɗumamensa.

Sitacin alkama kashi biyu ne. Akwai amilos, wanda ya kai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, mai siffar dogon zare da ke naɗewa, akwai kuma amilofektin mai rassa. Monogiliserayid yana da doguwar jela ta mai wadda take shigewa cikin naɗin amilos ta zauna. Wannan yana rage yawan amilos ɗin da ke fita ya ɗaure ƙwayoyin sitaci da juna, kuma yana jinkirta taurin da ke biyo baya. Don haka burodi yakan ƙara kwanaki da laushinsa.

Ya kamata a lura da abubuwa biyu a nan. Sanyin firji yana gaggauta wannan tauri, don haka ajiye burodi a firji yana sa ya ƙandare da wuri, amma daskarar da shi a firiza yana tsayar da taurin. Haka kuma sinadaran haɗa ruwa da mai ba sa hana fumfuna. Burodi yana iya kasancewa da laushi alhali ya fara lalacewa.

Ire-iren da aka fi amfani da su

Lesitin, mai lamba E322. Ana samun sa galibi daga waken soya a lokacin tace mansa, ana kuma samun sa daga wasu tsabobi masu mai da kuma ƙwai. Ƙarfinsa wajen ƙara girman burodi bai kai na sauran ba, amma yana taimaka wa mai ya warwatsu cikin kwaɓi, yana rage mannewar kwaɓi a jikin inji, kuma yana gyara ɓawon burodi.

Mono da digiliserayid, masu lamba E471. Su ne aka fi amfani da su a masana'antar abinci baki ɗaya. Ana yin su ne ta hanyar dafa mai ko kitse tare da giliserin a kan zafi mai tsanani. Wanda ba a tace ba yakan ƙunshi monogiliserayid kimanin rabi, wanda aka tace kuwa yakan kai kashi 90 cikin 100 ko fiye. Babban aikinsu shi ne tausasa burodi. Ba sa narkewa a ruwan sanyi, saboda haka ake sayar da su a matsayin gari mai laushi ƙwarai ko kuma a dame kamar man shafawa, domin su samu damar gauraya da kwaɓi.

DATEM, mai lamba E472e. Ana haɗa shi ne daga monogiliserayid da asid ɗin tatarik, wanda asalinsa daga inabi ne, da kuma asid irin na ruwan kal. Shi ne ya fi ƙarfi wajen ƙarfafa kwaɓi da ƙara girman burodi, amma tasirinsa wajen tausasawa kaɗan ne. An fi son sa a burodi mai ƙamasasshen ɓawo da kuma kwaɓin da za a daskarar.

SSL da CSL, masu lamba E481 da E482. Ana yin su daga asid ɗin sitiyarik, wanda ake samu a cikin mai da kitse, da asid ɗin laktik, wato wanda ke sa nono tsami. Na farkon yana ɗauke da sodiyam, na biyun kuma kalsiyam. Suna yin ayyukan biyu a lokaci ɗaya, suna ƙarfafa kwaɓi suna kuma tausasa burodi, shi ya sa suka dace da burodin gwangwani mai sukari da bota irin wanda aka saba ci a Nijeriya.

Folisobet 60, mai lamba E435. Ana amfani da shi kaɗan-kaɗan, kuma an fi ganin sa a kek da makamantansa.

Yawancin masu gidajen burodi ba sa sayen waɗannan sinadarai ɗai-ɗai. Suna samun su ne a cikin haɗin da aka fi sani da imfuruba, wanda yakan ƙunshi ɗaya ko biyu daga cikinsu tare da bitamin C da enzayim da kuma gari da aka cakuɗa domin a ji daɗin aunawa.

Awo da ajiya

A sana'ar burodi ana lissafin kowane kayan haɗi ne bisa nauyin fulawa. Adadin da aka saba sa wa na waɗannan sinadarai yana tsakanin kashi 0.2 zuwa 0.5 cikin 100 na nauyin fulawa. Ke nan a buhu mai kilo 50, kashi 0.2 ya zama giram 100, kashi 0.3 giram 150, kashi 0.5 kuma giram 250. Wannan lissafi na tsantsar sinadarin ne. Idan imfuruba ake amfani da shi, sai a bi awon da kamfanin ya rubuta a jikin kwalin, domin ƙarfin kowane haɗi daban ne.

Wuce awo ba ya ƙara riba. Idan sinadarin ƙarfafawa ya yi yawa, burodi yakan kumbura fiye da kima, gefensa ya lotsa bayan ya huce, ɗanɗanonsa kuma ya sauya. Idan na tausasawa ne ya yi yawa, cikin burodin yakan yi rauni har ya wahalar wajen yankawa. Saboda haka sikeli ya zama wajibi, awo da hannu ko da gwangwanin madara bai wadatar ba.

Zafi da danshi suna ɓata waɗannan sinadarai, abin da ya kamata a kula da shi a ƙasa irin tamu, musamman a bazara da damina. DATEM yakan dunƙule idan ya ji zafi, kuma idan danshi ya shige shi yakan fara warwarewa ya riƙa warin ruwan kal. A ajiye su a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da tanda, a ɗaure bakin leda bayan kowane ɗiba, kuma a fara ƙarar da tsohon kaya kafin a buɗe sabo.

Bambancinsu da buromet da sauran abubuwan ƙari

Fotashiyam buromet ba ya cikin sinadaran haɗa ruwa da mai. Yana cikin wani rukuni ne dabam mai ƙarfafa gulutin ta hanyar sauya shi a kimiyyance, kuma ya samu karɓuwa a da saboda arha da kuma yadda yake kumbura burodi. Gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna yana haddasa ciwon daji, musamman a ƙoda, kuma hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ka iya jawo wa ɗan'adam wannan ciwo. Birtaniya ta hana amfani da shi a 1990, Kanada a 1994, Sin a 2005, Indiya kuma a 2016. A 2023 jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa dokar da za ta haramta shi daga 2027. A Nijeriya, Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, wato NAFDAC, ta haramta shi, kuma ta yi gagarumin yaƙi da shi a zamanin shugabancin Farfesa Dora Akunyili daga 2001 zuwa 2008.

Abin da ya maye gurbin buromet shi ne haɗin bitamin C, mai lamba E300, da enzayim da sinadaran haɗa ruwa da mai. Mai gidan burodin da ya iya amfani da waɗannan ba shi da wata bukata ga haramtaccen abu. Akwai kuma kalsiyam furofiyonet, mai lamba E282, wanda aikinsa hana fumfuna ne kawai, ba ya ƙara girma ko laushi.

Dangantakarsu da garin rogo

Mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Nijeriya daga waje ake shigo da ita, duk da noman rani da ake yi a wurare irin su Kadawa da kwarin Haɗejiya. Domin rage kuɗin da ake kashewa, gwamnatin Shugaba Olusegun Obasanjo ta fito da manufar gauraya garin rogo kashi 10 cikin 100 a cikin fulawa, kuma an sake farfaɗo da batun burodin rogo a lokacin da Dokta Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona daga 2011 zuwa 2015. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan da Cibiyar Binciken Masana'antu ta Tarayya da ke Oshodi sun yi aiki a kan wannan haɗi.

Matsalar ita ce rogo ba shi da gulutin, haka ma dawa da gero da masara. Duk lokacin da aka maye wani kaso na fulawa da ɗayansu, gulutin ɗin da ya rage yakan yi ƙaranci, kwaɓi ya kasa riƙe iska, burodi ya fito da nauyi kuma ya yi saurin ƙandarewa. A nan sinadarai irin su SSL da DATEM suke da amfani, domin suna ƙarfafa ɗan gulutin ɗin da ke akwai. Sai dai taimakonsu yana da iyaka: gwargwadon yawan garin da aka ƙara, gwargwadon raguwar girman burodin.

Lafiya da doka

A matakin duniya, kwamitin masana na haɗin gwiwa tsakanin Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 1956, shi ke tantance sinadaran da ake ƙarawa a abinci. Hukumomin biyu sun kuma kafa hukumar Kodeks a 1963 domin tsara ƙa'idojin abinci na ƙasa da ƙasa. Lambobin da suka fara da harafin E na Tarayyar Turai ne, kuma sun yi daidai da lambobin Kodeks. A Nijeriya, NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa kayan abinci rajista, yayin da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, ke tsara mizanin inganci.

Game da lesitin da E471, masana ba su ga bukatar ɗora iyakar abin da mutum zai ci a rana ba, domin jiki yana narkar da su kamar yadda yake narkar da sauran mai. Hukumar kiyaye lafiyar abinci ta Turai ta sake tabbatar da haka a 2017. SSL da CSL kuwa suna da iyaka: kwamitin da muka ambata ya sa miligiram 20 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, hukumar Turai kuma ta sa miligiram 22 a 2013. Dokar Amurka ba ta yarda SSL ya wuce kashi 0.5 cikin 100 na nauyin fulawa ba, ta Turai kuma ta tsaya a kan giram 3 a kowane kilo na burodi.

Bari mu yi lissafi da waɗannan alƙaluma. Mutum mai nauyin kilo 60, iyakarsa giram 1.2 ce a rana. Idan burodi yana ɗauke da giram 3 a kowane kilo, giram 400 na burodin zai kai shi wannan iyaka. Yaro mai kilo 20 kuwa, abin da bai wuce giram 135 ba zai kai shi. Ita wannan iyaka an gina ta ne da rata mai faɗi, kuma ana nufin abin da mutum zai riƙa ci kullum tsawon rayuwarsa, don haka wuce ta na kwana ɗaya ba abin tashin hankali ba ne. Amma lissafin ya nuna dalilin da ya sa bai kamata mai gidan burodi ya ninka awo ba, tunda yara suna cikin manyan masu cin kayansa.

Bincike a kan wannan rukuni yana ci gaba. A 2015 mujallar Nature ta buga wani gwaji da aka yi a kan ɓeraye a birnin Atlanta, wanda ya nuna cewa sinadarai biyu, E466 da E433, sun sauya ƙwayoyin halittar da ke cikin hanji sun kuma jawo kumburi. Waɗannan biyun ba sa cikin waɗanda aka fi sa wa a burodi. A 2023 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani nazari da ya bi diddigin abincin manya kimanin 95,000 a Faransa, ya kuma gano alaƙa tsakanin yawan cin wasu sinadaran, har da E471 da dangin E472, da ɗan ƙarin haɗarin cututtukan zuciya da jijiyoyin jini. Irin wannan nazari yana nuna alaƙa ne, ba ya tabbatar da cewa sinadarin ne sanadi, domin masu yawan cin abincin kamfani sukan bambanta da sauran mutane ta fuskoki da dama. Darasin da ke ciki shi ne a yi amfani da mafi ƙarancin adadin da zai biya bukata.

Asalin man da aka yi su da shi

Lambar da ke jikin leda ba ta bayyana irin man da aka yi sinadarin da shi. E471 da E472e da E481 da E482 duk ana iya yin su da man tsirrai, kamar manja da man waken soya, ana kuma iya yin su da kitsen dabba, har da na alade. Wannan batu ne mai muhimmanci ga Musulmi da kuma duk wanda ba ya cin kayan dabba. Kaso mai yawa na abin da ke kasuwar duniya daga man tsirrai ne, amma hanyar samun tabbaci ita ce a duba ko an rubuta haka a jikin kwali, ko a nemi dillali ya nuna takardar shaidar halal daga kamfanin da ya sarrafa kayan. Haka nan, tunda akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar waken soya, ya dace a ambaci soya a jikin leda idan an sa lesitin ɗinsa ko garinsa.

Burodi ba tare da su ba

Ana iya yin burodi mai kyau ba tare da waɗannan sinadarai ba, idan fulawa tana da ƙarfi kuma aka ba kwaɓi isasshen lokaci. A 1993 gwamnatin Faransa ta kafa dokar da ta hana sa irin waɗannan abubuwan ƙari a burodin da ake sayarwa da sunan burodin gargajiya na Faransa. Dogon burodin Faransa, wanda aka saba da irinsa a Nijar da Kamaru da Chadi, ba a sa masa mai, kuma ana cin sa ne a ranar da aka gasa domin yana saurin ƙandarewa. Ke nan zaɓin ya danganta ne da irin kasuwar: mai sayarwa a unguwa a yini ɗaya bukatarsa ba ta kai ta wanda zai loda mota zuwa wani gari ba.

Daga shekarun 1990 kuma kamfanoni sun ƙara karkata ga enzayim. Akwai wanda yake gutsuttsura rassan sitaci domin jinkirta tauri, akwai kuma wanda yake mayar da ɗan man da ke cikin fulawa ya zama sinadarin haɗa ruwa da mai a cikin kwaɓin kansa, ta yadda za a rage DATEM ko a bar shi gaba ɗaya.

Shawarwari

1. Masu gidajen burodi su sayi imfuruba mai lambar rajistar NAFDAC da jerin abubuwan da ya ƙunsa da ranar ƙarewar aiki. Su guji duk wani gari ko ƙwaya da ake sayarwa a ƙulle ba suna, domin ta irin wannan hanya buromet yake shigowa.

2. A auna da sikeli, a rubuta awon kowane buhu, kuma a koya wa ma'aikacin da ke haɗa kwaɓi dalilin yin haka.

3. Idan aka sauya fulawa ko imfuruba, a fara gwadawa da kwaɓi kaɗan kafin a zuba buhuna.

4. A bar burodi ya huce sosai kafin a sa shi a leda, domin gumin da ke taruwa a ciki shi ke kawo fumfuna.

5. Masu saye su riƙa karanta leda, su duba sunan gidan burodi da adireshi da lambar rajista da ranar ƙarewa. Girma da laushi kaɗai ba su isa shaidar inganci ba, kuma ido ba ya iya gane burodin da aka sa wa buromet, sai gwajin ɗakin bincike.

6. Duk wanda ya ga abin da yake zargi ya sanar da ofishin NAFDAC mafi kusa ko jami'an duba-gari na ƙaramar hukumarsa.

Kammalawa

Sinadaran haɗa ruwa da mai halattattun kayan aiki ne a sana'ar burodi matuƙar an saye su daga tushe mai rajista, an san man da aka yi su da shi, kuma an tsaya a kan awo. Ba sa gyara ruɓaɓɓiyar fulawa, ba sa kuma maye gurbin tsabta da ƙwarewa. Muna kira ga ƙungiyoyin masu gidajen burodi da su riƙa ilimantar da membobinsu a kan waɗannan ƙa'idoji, jama'a kuma su ci gaba da ba hukumomin lafiya haɗin kai domin kare lafiyar iyalansu.